Wane wasa ne ke riƙe yara in an fita miƙe ƙafa da iyali?

Innar Nafisa: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tunda sanyi ya fara shigowa, gidaje da yawa a nan Maradi na fita miƙe ƙafa bayan La'asar, wasu su gangara wajen fadama, wasu su bi gefen gari ta wajen jami'a. Kukan iyaye kusan iri ɗaya ne: ba a yi minti goma ba ƙaramin ya ce a ɗauke shi, na tsakiya ya ce ƙishirwa, babban ya turo baki. Masu sani su taimaka. Wane wasa ne zai riƙe yara masu shekara 4 zuwa 11 a tafiyar awa ɗaya, wanda ba sai an sayi komai ba?

Mushe Laminu: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a zo ga sunayen wasanni, a raba su gida biyu, don a nan ake tafka kuskure. Akwai wasan da ke jan yaro gaba, akwai wanda ke dasa shi wuri ɗaya. Dara, carabke, ƴar gala-gala, duk na fili guda ne. In kika bari aka fara su a tsakiyar hanya, tafiya ta ƙare, don ba wanda zai yarda ya tashi bai ci ba. A ajiye su sai an kai wurin hutawa. Wasan kan hanya kuwa, dole abin da ake nema ya kasance yana gaba.

Sannan ɗan shekara huɗu bai san "saura kaɗan" ba, abin da idonsa ke hange ya sani. Sai a yanka masa hanyar gunduwa-gunduwa: daga nan zuwa wancan bedin, daga bedin zuwa turken lantarki, daga turken zuwa rijiya. Kowane yanki taki 100 zuwa 200, kowane da wasansa. A canza wasa tun yana da daɗi, minti biyar zuwa bakwai ga ƙanana, goma ga manya. Wanda ya jira sai yara sun ƙosa kafin ya canza ya makara, don a lokacin ba wasan kaɗai ya ishe su ba, tafiyar ce gaba ɗaya.

Nisan kuma a auna shi da ƙafar mafi ƙanƙanta. In akwai ɗan shekara huɗu, kilomita ɗaya da rabi zuwa biyu, zuwa da dawowa, ya isa.

Malama Zuwaira: Na yarda da Mushe. Ga ƙanana, wanda ya fi aiki shi ne jagora. Kowane yaro zai ja gaba daga alama zuwa alama, shi ke zaɓen irin tafiyar da kowa zai yi, har babba: dogon taki irin na raƙumi, rangaji irin na agwagwa, sanɗa irin ta mussa, ko tafiyar soja. Dokoki biyu ne. Jagora ba ya wuce taki goma gaban babba. In kuma babba ya ce "tsaya", kowa ya daskare yadda yake, ko da ƙafa ɗaya a sama. Wannan "tsaya" ɗin a yi ta sau uku ko huɗu tun farko cikin raha, a inda ba haɗari, don ranar da kabu-kabu ya ɓullo daga lungu ƙafar yaro ta riga ta saba.

A fara ba na tsakiya jagoranci. In aka fara da ƙaramin, bai ga yadda ake yi ba, sai ya tsaya yana kallon mutane. In aka fara da babban, zai zaɓi abin da ƙanensa ba su iyawa don ya nuna ya fi su. Tsallen kwaɗo kuma kada ya wuce goma. Yana cin cinya ƙwarai, yaron da ya yi talatin shi ne zai ce a goya shi bayan minti biyar.

Hajiya Rabi: Malama, har da iyaye za a yi tafiyar agwagwa a bainar jama'a? A cikin unguwa dai da wuya magidanci ya yarda.

Malama Zuwaira: Hajiya, ba sai ya yi rangaji ba. Babba ya zama alƙali, ko mai kiran "tsaya". Amma ya zama yana cikin wasan. In babba na gaba yana latsa salula, wasa ba ya kai minti biyu.

Baba Ɗan Gulbi: Ku ƴan boko kun tsaya ga tsalle-tsalle. Garin nan rairayi ne, kuma rairayi ba ya ɓoye wanda ya taka shi. Ku koya ma ɗiyanku bin sawu, za su yi tahiyar awa ba su sani ba. Ga yadda ake rarrabewa. Jaki kofato guda ne, ƙarami, ya fi na doki matsewa. Akuya da tunkiya kofato rabe biyu, bakin da ya fi tsini shi ne gaba, da shi ake sanin inda dabba ta nufa. Saniya haka take amma babba, kuma ya fi nutsewa. Raƙumi faffaɗa ne, ba ya nutsewa sosai don tafinsa mai taushi ne, da alamar yatsa biyu a gaba. Kare ana ganin farcensa, mussa ba a gani don tana janye shi in tana tahiya. Kaza yatsa uku gaba ɗaya baya. Agwagwa da fata tsakanin yatsu. Ƙadangare yana barin layin wutsiya tsakanin ƙafafu.

In sun iya wanga, sai a hau mataki na biyu: wa ya riga wucewa? Sawun da ke bisa wani shi ne na baya. In sawun jaki na tsakiyar layukan tayoyin amalanke biyu, jakin ne ke janta. Sabon sawu bakinsa a tsaye yake, tsoho iska ta rushe bakin. Lokacin da kuke fita ma shi ne ya dace, don rana ta karkata tana jefa inuwa cikin ramin sawun. A tsaya yadda sawun zai kasance tsakanin mutum da rana, ya fi fitowa. Da tsakar rana ba a ganin komai.

Abin da ke ɓata shi ɗaya ne: yara su ruga gaba su tattake. Sai a sa su bi gefen sawu, ba bisansa ba.

Mushe Laminu: Baba, wannan ya fi duk abin da na kawo, don sawu da kansa gaba yake ja. Ƙari ɗaya: a tabbata sawun ya nufi inda ake son zuwa. In ya kauce cikin gonar mutane, a sake shi a kama wani.

Abdu Mai Keke: Ba wanda ya ambaci gare. Yaron da ke tura gare ba ya cewa ya gaji. A samu tsohon rim na keke wajen masu gyara, a cire wayoyin duka, a goge bakin da takardar yashi ko a bi shi da guduma in akwai inda ya tsage. Ga ɗan shekara biyar zuwa bakwai, na ƙaramin keke, mai lamba 20, ya fi, don babban yana fin ƙarfinsa. Sandar turawa ta kai tsawon hannun yaro, santimita 50 zuwa 60, mai santsi, a kwantar da ita cikin kwarin rim ɗin ana turawa daga baya, ƙasa da rabin tsayinsa. In aka ɗora ta sama, garen faɗuwa yake. Tsohuwar tayar babur ma tana yi, ita bugunta ake da tafin hannu ko guntun sanda. Ya fi gudu a ƙasa mai tauri. Cikin rairayi mai zurfi irin na wasu layukan unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo ba ya tafiya, sai yaro ya ƙare da ɗaukarsa a kafaɗa, daga baya uwar ce za ta ɗauka.

Habsu Likita: Malam Abdu, gare na da kyau amma ban yarda da shi kusa da gudron ba ko kaɗan. Idon yaro na kan gare. In ya kuɓuce ya nufi titi, yaro binsa yake ba ya dubawa. Kuma a gangaren da ake bi daga tsofaffin unguwanni zuwa fadama, gare yana fin yaro gudu. A riƙe shi a hannu sai an sauka fili. Rim mai tsatsa kuma in ya yanki yaro, a wanke da ruwa da sabulu nan take, a duba katin rigakafinsa.

Abdu Mai Keke: Gaskiya ne Malama. Kuma gare ɗaya ga yara uku faɗa ne. Ko kowa da nasa, ko a yi karɓa-karɓa a kan alama: an kai turke, a miƙa wa na gaba, ba gardama.

Yaya Ibro: Ni fa ina ganin ana neman wahalar da kai. Yaran karkara na bin iyayensu gona da kasuwar ƙauye, tafiya mai nisa, ba wanda ke shirya musu wasa. A bar yaro ya koyi tafiya haka nan. In kullum sai an nishaɗantar da shi, ranar da ba wasa ba zai taka ba.

Hajiya Rabi: Yaya Ibro, ɗan ƙauyen da kake faɗi yana da abin yi a hanya. Yana kora akuya, yana riƙe da igiyar jaki, yana ɗauke da gorar fura, kuma ya san inda za shi da abin da za a yi can. Ɗan birni da aka ce masa "zo mu miƙe ƙafa" ba shi da aiki, ba shi da wurin zuwa. Wasan ne ke cike wannan gurbin. In ba ka son wasa, to ba shi aiki: wannan ya riƙe ruwa, wannan ya riƙe tabarma, wannan ya lura da lokaci.

Mushe Laminu: Duk da haka Ibro na da rabin gaskiya. Kada a cika hanya da wasa dam. Bayan kowane wasa biyu a bar yanki ɗaya ba komai. Sau da yawa a nan ne yara ke ƙirƙiro nasu, wani ya sami kara ya mai da shi doki, kuma nasu ya fi daɗewa a hannunsu. Sai ka ga alamar gajiya, jan ƙafa ko tsokanar ƙane, sannan ka jefo wani.

Yaya Ibro: Wannan na yarda. Amma tsere fa? Shi ne mafi sauƙi, ba wanda ya faɗe shi.

Malama Zuwaira: Da gangan na bar shi. Tsere tsakanin ɗan shekara huɗu da ɗan goma an san wanda zai ci tun ba a tashi ba. Ƙaramin ya sha kaye sau biyu, ya zauna ƙasa yana kuka, shi ke nan an rasa minti goma ana lallashi. Haka langa: wasan sa'o'i ne, masu ƙarfi ɗaya, kuma a fili mai taushi. Ba a haɗa ƙarami da babba a cikinta.

Malam Sani Limanci: Malama, ba za a hana yara tsere ba, jininsu ne. Gyara shi ake. A ba ƙarami rata: kowace shekara ɗaya da ke tsakaninsu, taki uku na babba. Ɗan huɗu da ɗan goma, rata taki goma sha takwas ke nan, a tseren da bai wuce taki sittin ba. In babban ne ke ci kullum a ƙara ratar, in ƙaramin ne a rage, har sai sun fara isa kusan tare. Wurin tsayawa ya zama abu ne da ake taɓawa, icce ko bango, kuma kada ya kasance titi na bayansa.

Malama Zuwaira: To Malam, amma na fi son a haɗa su gefe ɗaya. A ce: zan ƙirga zuwa talatin, ku duka ku taɓa wancan gawon, in mutum ɗaya bai kai ba duk kun faɗi. Nan take za ka ga babban ya kama hannun ƙaramin. Mai ƙirga kuma yana iya jan ƙirgar in ya ga ba za su kai ba.

Innar Nafisa: Allah ya saka. To maganar tukwici fa? Wasu na cewa a riƙe alawa a ba wanda ya ci.

Hajiya Rabi: Kada ki fara, ƴar'uwa. Ranar farko alawa ɗaya, ranar uku sai an yi ciniki kafin a sa takalmi. Kuma wanda bai ci ba ya sami dalilin kuka na biyu. Abin taɓawa na kowa ne, a wurin juyawa, ba ladan wasa ba: dabino biyu-biyu, ko ƙuli-ƙuli, ko gyaɗa. Amfaninsa shi ne tafiya ta sami wurin zuwa. Wanda ya ci wasa, ladansa shi ne ya zaɓi wasa na gaba.

Habsu Likita: A ci a zaune, ba a guje ba. Gyaɗa ƙwaya-ƙwaya da dabino mai ƙwallo ba na ɗan ƙasa da shekara huɗu ba ne, suna shaƙe yaro. A cire masa ƙwallon, a yaga dabinon.

Bari in haɗa sauran nawa wuri ɗaya. Ruwa: rabin lita ga kowane yaro a tafiyar awa ɗaya lokacin sanyi, a ba su kurɓi a kowane canjin wasa, don yaron da wasa ya ɗauke wa hankali ba ya cewa ƙishirwa. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, a bar wasannin gudu gaba ɗaya, a fita da sassafe ko a haƙura. Yaron da ya yi shiru ba dalili, fuska ta yi ja, yana cewa kansa na ciwo ko yana jin amai, a kai shi inuwa, a jiƙa masa kai da wuya, a ba shi ruwa, a koma gida. In ya fara rikicewa ko ya ƙi sha, sai likita.

Takalmi rufaffe ya fi silifa, saboda ƙarangiya da tsidau. Silifa kuma ita ke tsinkewa a tsere. Ranar da ƙurar hunturu ta yi kauri, mai asma ko tari ya zauna gida. Wasan "nemo mini abu kaza" kuma a yi shi da ido da yatsa, ba da hannu ba. Ba a ɗaga dutse, ba a sa hannu a rami, ba a tona tarin kara, nan kunama da maciji suke. In kunama ta harbi ƙaramin yaro, ba tsaga ba ɗauri, a wuce likita kai tsaye.

Baba Ɗan Gulbi: Tunda ɗiyata ta kawo maganar hannu, ga na itatuwa. Wasan shi ne kowa ya tara ganye iri biyar, a wurin hutawa a baje a faɗi sunansu. Babba ne ke nuna wanda za a tsinka. Kalgo ganyensa rabe biyu, ba ya ɓata ma kowa. Sabara ƙanana ne masu toka-toka. Aduwa ganye biyu-biyu da doguwar ƙaya. Magarya bayan ganyen fari-fari ne, da ƙaya mai lanƙwasa da ke kama riga. Bedi kowa ya san shi. Gawo kuwa shi ne abin tambaya mai kyau ga manyan yara: mi ya sa yake kore yanzu da rani, da damina kuma ya zubar da ganye? Shi ya sa manomi ke barinsa tsakiyar gona, ba ya tare ma hatsi rana, kuma ganyen da ya zuba taki ne.

Waɗanda ba a taɓawa: tumfafiya, don ruwanta fari in ya shiga ido masifa ne, ƴaƴan zurma da na bini-da-zugu, guba ne in aka ci, da zaƙami. A nuna ma yara su da suna tun farko, su ma su shiga wasan: wanda ya riga hango tumfafiya ya ce "ga ta", ba ya matsawa. Magarya da kurna da aduwa ana ci, amma doka ita ce a kawo ma babba ya gani tukuna.

Kuma ku ja musu kunne kan ƙananan itatuwan da ke cikin gonaki. Ba banza suka tsiro ba. Sassaben zamani ne, manomi ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu daga kututture ya bari ya girma. A ƙasar Maradin nan aka fara yaɗa shi a shekarun 1980, da shi gonaki suka sake yin itace. Yaro ya karya shi don ya yi bulala, ya ɓata aikin shekara biyu.

Habsu Likita: In ruwan tumfafiya ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta kamar minti goma sha biyar, kada a murza, sannan a je a duba. Dalili ke nan na riƙe gora ɗaya da ba ta sha ba.

Malam Sani Limanci: Duk abin da aka kawo na zuwa ne, lokacin da ƙafa ke da ƙarfi. Dawowa ita ce matsala, kuma dawowa ta baki ce. A nan ake fito da kacici-kacici. A fara da masu sauƙi don ƙaramin ya samu: shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, tsintsiya. Baba na ɗaka gemu na waje, wuta da hayaƙi. Ɗan ƙaramin abu gama duniya, wata. Ga manya: tsumangiyar kan hanya, fyaɗe yaro fyaɗe babba, yunwa. A hana manya amsa na ƙanana, ko a ce sai an yi taki ashirin kafin kowa ya buɗe baki, don akwai yaron da ya san amsa amma ba shi da saurin baki.

Kada a yar da al'adar ba da gari. Wanda ya kasa ya ce na ba ka gari, mai tambaya ya ce wanne, in an ba shi ƙaramin gari ya ƙi karɓa. Da haka yara ke haddace Tsibiri, Madarumfa, Gidan Rumji, Dakoro, Mayahi, Tasawa, Agye, Gazawa. A sa doka ba a ba da gari ɗaya sau biyu, sai ka ga ana tambayar uba sunayen garuruwa.

In kacici-kacici ya ƙare, a koma karya harshe: turmi ture kura, kura ture turmi, sau biyar a jere ba numfashi. Ko jini-jini: mai kira ya ambaci abu, in mai jini ne a amsa, in ya ce dutse ko turmi a yi shiru. A hanya kada a fitar da wanda ya faɗi, don wanda aka fitar ba shi da abin yi sai fitina. A sa shi ya karɓi kira.

Mushe Laminu: Ga ƴan lakwal akwai wanda ke gyara musu lissafi ba su sani ba. A aji da faran ake ƙirga, a kasuwa da dala, kuma yara da yawa na ruɗewa tsakani. Babba ya ce dala ashirin, yaro ya ce 100. Dala ɗari, 500. Dala arba'in da biyar, 225. Sai a juya: 350 dala nawa? Saba'in. Daga nan a shiga canji: ka sayi ƙosai na dala talatin ka ba da dala ɗari, nawa za a mayar maka? Ɗan shekara takwas zuwa sama ne wannan. A bar shi da an ga ya koma jarrabawa. Amsa uku ba daidai ba a jere, a canza wasa.

Malam Sani Limanci: Mushe, ƙara musu da awon inuwa a wurin hutawa. A kafa sanda a tsaye, a ga inuwarta ta ninka ta sau nawa. A ce sau biyu. Sai yaro ya taka inuwar icce daga gindinsa zuwa ƙarshenta. In ya sami taki ashirin da huɗu, tsawon iccen taki goma sha biyu ne. Abin da ke ɓata lissafin: sanda ta karkace, ƙasa mai gangare, ko a daɗe tsakanin awon biyu, don da yamma inuwa na ƙara tsawo da sauri. Daga nan sai a nuna musu cewa da wannan awon ake sanin shigar La'asar, in inuwar abu ta kai tsawonsa ban da ɗan abin da ya rage da tsakar rana.

Abdu Mai Keke: Wasu na ba yara salula su ɗauki hoton abin da suka gani. Yana jan hankalin manyan yara sosai.

Hajiya Rabi: Yana ja, amma salula ɗaya yara uku, mun koma maganar gare. Kuma daga hoto ake zamewa zuwa bidiyo, sai ka ga yaro na tafe kansa a ƙasa. In dole ne, ta zauna hannun babba. Kowane yaro na da hoto uku a duk tafiyar, shi ke nuna abin da za a ɗauka, a duba su a gida. Da yake uku ne kawai, sai ya riƙa zaɓe, zaɓen kuma shi ke sa shi kallo.

Yaya Ibro: Danƙon harbi fa? Samari ƙanana ba abin da suke so kamarsa.

Habsu Likita: A'a, ba a tafiyar da ake tare da ƙanana ba. Raunin ido daga danƙo ba ya da wuyar samuwa, kuma mai harbi tsayawa yake, ba ya tafiya. In ana son jifa, a wurin hutawa a kafa gwangwani, kowa ya tsaya bayan layi ɗaya, a jefa da ƙwallon goruba ko na aduwa.

Baba Ɗan Gulbi: Tsuntsu a ƙirga shi da ido ya fi. Kurciya, hasbiya, hankaka, balbela bayan shanu, shirwa bisa. Kowane iri maki ɗaya ne komai yawansa, in ba haka ba yaro ya ga garken balbela ya ce ya ci ɗari. In damina ta kusa, wanda ya fara ganin shamuwa shi ne sarkin tahiya na ranan. Mai hali ya kai su tabkin Madarumfa da sanyi, can tsuntsayen ruwa suke, amma wannan sai da mota.

Da damina kuma ku kiyayi gulbi. Daga Najeriya ruwansa ke tahowa, yana iya cika alhali nan ko ɗigo ba a yi ba. Ba a wasa cikin kwarinsa, ba a tsayawa bakin gaɓa, don ƙasar tana zaftarewa daga ƙasa. Tsohon gari ma ambaliyar 1945 ce ta tashe shi daga fadama ya hau tudu.

Habsu Likita: Kududdufi ma haka, ba a shiga, saboda tsargiya. Kuma da damina a koma gida kafin Magariba don sauro. In an ga walƙiya, ana iya sa yara ƙirga daƙiƙa har a ji tsawa, kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ke nan, amma a yi ƙirgar ana tafiya gida, kuma ba a fakewa ƙarƙashin icce guda a fili.

Mushe Laminu: Lokaci ma a lura. A Disamba rana na faɗuwa wajen shida da minti goma, duhu kuma ba ya kai rabin awa ya rufe. In an fita biyar saura kwata, a juya biyar da kwata, har da hutun minti goma an shigo unguwa da haske. A ƙara wa dawowa lokaci, kullum ta fi zuwa daɗewa.

Innar Nafisa: To in duk an yi wannan, ƙaramin ya zauna ƙasa ya ce ba ya tashi fa?

Malama Zuwaira: Fara duba ƙafa, Hajiya. Sau da yawa ƙarangiya ce a safa, ko rairayi a takalmi, ko takalmin ya matse, kuma yaro bai iya faɗi ba. Sai ruwa, sai fitsari. In ba ko ɗaya, kada a tsaya kansa ana roƙo, kada kuma a yi kamar za a tafi a bar shi, wannan kuka yake ƙarawa. A tsuguna, a nuna masa abu mafi kusa, taki ashirin, a ce wa zai kai ni can. Ko manya biyu su kama hannuwansa a ƙirga ɗaya, biyu, uku a yi dogon taki tare, amma ba a ɗaga shi sama da hannu ana lilo, gwiwar hannun ƙaramin yaro na gocewa da haka. In sai an ɗauka, a ɗauka da iyaka: daga nan zuwa wancan turken a kafaɗa, daga can zuwa na gaba a ƙasa, shi ne kuma mai lura da turken. In ya zauna sau uku a tafiya ɗaya, hanyar ce ta yi masa tsawo, gobe a rage ta da kashi ɗaya cikin uku.